Me ake nufi da "insinuate", kuma me ya sa kalmar ke yawo a sanarwar 'yan siyasa da takardun kotu?

Da zarar kakar siyasa ta kama, ko wata badaƙala ta ɓulla a wata ma'aikata, akwai kalmar da ba ta ɓacewa a sanarwar masu magana da yawun manya. Za ka ga an rubuta wai mai gidansu ya yi watsi da "insinuations" ɗin da ake yaɗawa, ko kuma wane ya "insinuate" cewa an karkatar da kuɗin kaza. Kafin yamma labarin ya shigo Hausa, nan kuma kowa da tasa fassarar: wannan ya ce "ya zargi", wancan ya ce "ya yi iƙirarin", wani ya ce "jita-jita", wani ma kai tsaye ya rubuta "ya ce". Huɗun nan ba abu ɗaya ba ne, kuma a cikinsu babu wadda ta kama kalmar daidai, shi ya sa mai karatu ke rasa gane shin mutumin nan ya fito fili ya faɗi maganar ne ko kuwa fahimtar wasu ce aka jingina masa.

Ita kanta kalmar

Fi'ili ne na Turanci, ana furta shi kamar "in-SIN-yu-eit", ƙarfin murya na kan gaɓa ta biyu. Ma'anarsa ta yau da kullum ita ce mutum ya jefa mummunan zato game da wani a zuciyar masu sauraro ba tare da ya fito ya faɗi abin da baki ba. Abu uku ne suka haɗu a ciki: maganar a sakaye take, abin da aka sakaya ɗin mara daɗi ne, sannan mai maganar ya bar wa kansa ƙofar gudu ta yadda in an ritsa shi zai ce "ni yaushe na faɗi haka?"

Ɗauki misalin uwar adashi. A gidan biki wata ta dube ta ta ce, "Masha Allah, tun da kika fara riƙe mana adashi kullum sabon leshi." Babu kalmar sata a ciki, babu cin amana, har da masha Allah aka buɗe. Amma duk matar da ke wurin ta ji abin da aka ce, kuma daga ranar za a fara ƙirga zubi da kyau. Bature zai ce matar nan ta "insinuate" cewa uwar adashi na taɓa kuɗin mutane.

Asalin kalmar daga Latin ne, "insinuare", kuma a cikinta akwai "sinus" wato lanƙwasa ko ninki, har da ninkin mayafin Rumawa na wajen ƙirji inda suke cusa ƙananan kaya kamar yadda ake yi da aljihun babbar riga. Ta shigo Turanci a ƙarni na 16 da ma'anar shigar da abu a hankali ta karkatacciyar hanya, kamar yadda maciji ke sulalewa cikin rami. Wannan tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, ita ce ake gani a "insinuate himself into", wato mutum ya yi ta cusa kai da daɗin baki da 'yan hidindimu har ya samu shiga wurin mai gida ko cikin wata da'ira da ba tasa ba. Masu karatu da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi sun san 'yar uwarta "insinuer", tushensu ɗaya kuma warin da ke jikinsu ɗaya.

Wajen gina jimla, yawanci "that" ke biyo bayanta sannan maganar da aka sakaya: "He insinuated that she took the money." Ba a cewa "he insinuated me" da nufin ya yi min habaici, kuskure ne da ɗalibai ke yawan yi saboda a Hausa muna cewa "ya yi min". Sunan aikin shi ne "insinuation". Tambayar da aka fi ji da kalmar kuwa ita ce "What are you insinuating?", kuma duk wanda ya faɗe ta ba neman ƙarin bayani yake ba, ya riga ya gane, cewa yake fito fili ka faɗa in ka isa.

'Yan uwanta da ake rikita ta da su

Turanci na da tarin kalmomin nuni a fakaice, bambancinsu yana wajen nauyi da niyya.

"Hint" ita ce mafi sauƙi, ba ruwanta da sharri. Yaro ya yi ta zancen cewa takalminsa ya tsinke ana saura sati biyu Sallah, wannan "hint" ne. "Imply" kuma ba ta ɗaukar ɓangare, tana nufin maganarka ta ƙunshi wata ma'anar da ba ka furta ba, mai kyau ce ko mummuna, da gangan ko ba da gangan ba. Har abin da ba mutum ba yana iya "imply": hadarin da ya haɗu a gabas yana nuna ruwa na tafe, alkaluman kasafi suna nuna giɓi. Amma hadari ba ya "insinuate", sai mai zuciya da manufa. "Allude" tana tafiya da "to", ma'anarta ka taɓo wani abu ko wani mutum a wucewa ba tare da ka kira suna ba, kamar mai wa'azi ya ce "abin da ya faru a kasuwa makon jiya" ya wuce. "Innuendo" suna ne ba fi'ili ba, kuma shi ne mafi kusa da "insinuation", daga Latin shi ma, daga kalmar da ke nufin nuna abu da gyaɗa kai. Lauyoyi sun fi amfani da shi, a bakin sauran mutane kuma ya fi karkata ga maganar batsa a sakaye.

Sai "infer", wadda ita ce ta fi jawo gardama. A ƙa'idar da ake koyarwa a makaranta, mai magana shi ke "imply", mai sauraro shi ke "infer", wato ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe. Masu tsaurin ra'ayin nahawu suna ganin duk wanda ya ce "are you inferring that I lied?" ya yi kuskure. Masu nazarin tarihin harshe kuma suna nuna cewa tun ƙarni na 16 ake samun marubutan Ingila na amfani da "infer" da ma'anar "imply", don haka ba sabon ɓaci ba ne. Duka biyun suna da hujja, sai dai mai zana jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB ya sani ra'ayin farko ne ake ba maki.

Wace kalmar Hausa ce ta fi kama ta?

Nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan, matsalar ma yawan zaɓi ne. Muna da habaici, da shaguɓe, da gugar zana, da hannunka-mai-sanda, da jirwaye mai kamar wanka, ga zambo a gefe.

Zambo ya fita daga lissafi tun farko, domin shi a fili yake, maroƙi ko makaɗi zai siffanta mutum ya muzanta shi yadda kowa zai gane ko da bai kira suna ba, ba ya neman ƙofar gudu. Hannunka-mai-sanda ma ba ita ba ce, ita jan kunne ce cikin hikima kuma galibi don amfanin wanda aka yi wa, ta fi kusa da "hint". Habaici da shaguɓe da gugar zana su ne suka zo kusa, amma akwai wani ɗan bambanci da ya kamata a lura da shi. Habaici yawanci wanda ake yi dominsa ake son ya ji, kishiya na tsakar gida tana waƙa ko tana yi wa kaza faɗa alhali da ta cikin ɗaki take, ko rubutun bayan mota, ko abin da mutum zai ɗora a sitatus ɗin WhatsApp bayan an yi saɓani. Abin da ake ɓoyewa a habaici shi ne wanda ake nufi, shi ya sa ake cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ita kuwa "insinuate" sau da yawa an san wanda ake nufi sarai, sunansa ma na iya fitowa, abin da ake ɓoyewa shi ne tuhumar kanta, kuma waɗanda ake son maganar ta shiga kunnensu su ne mutanen gefe. A misalin uwar adashi ai an dube ta ido da ido, laifin ne ba a ambata ba.

Saboda haka fassarar da ta fi aminci a labari ita ce wadda ta riƙe sakayawar: "ya yi shaguɓen cewa", "ya yi zargi a fakaice", "ya nuna a kaikaice cewa". In aka rubuta "ya ce" an sa masa maganar da bai furta ba. In aka rubuta "ya zargi" kawai, an mayar da abin da ya yi a ɓoye ya zama na fili, kuma a gobe zai iya ƙaryata jaridar ya ci nasara.

Akwai wani abu kuma da Turancin Najeriya ya ƙara. A sanarwar gwamnati da ta jam'iyyu "insinuations" ta kan zo da ma'anar raɗe-raɗi ko hasashen da ke yawo a gari, ba lallai shaguɓen wani takamaiman mutum ba, irin "insinuations in some quarters". A irin wannan wurin wanda ya fassara da raɗe-raɗi bai yi laifi ba. Haka ma "intimate": a Ingila tana nufin nuni a hankali, a ofisoshin Najeriya kuwa ta koma sanar da mutum abu ƙarara. Sai an duba wa ya rubuta da kuma inda ya rubuta.

Kalma ce mai ɗauke da hukunci

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. "Said" ba ta ɗaukar ɓangare, amma duk wanda ya rubuta cewa wane ya "insinuate" ya riga ya yanke hukunci biyu: cewa akwai ɓoyayyar ma'ana a maganar, da cewa an ɓoye ta ne da mugun nufi. Shi ya sa da wuya ka ji mutum ya ce "I insinuated" game da kansa, kamar dai yadda Bahaushe ba ya cewa "jiya na yi gugar zana a taro" sai in alfahari yake. Kalma ce da ake jifan wani da ita.

Kuma shi ya sa kakakin ɗan siyasa ke sonta. In ya kira tambayar da 'yan jarida suka yi "allegation", ya amince akwai tuhumar da ke buƙatar amsa. In ya kira ta "insinuation", ya mayar da hankali kan niyyar masu tambayar, ya nuna su a matsayin masu ƙumbiya-ƙumbiya, tambayar kuma tana nan ba a amsa ba. A ɗaya gefen kuma gaskiya ne akwai masu jefa tuhuma ba hujja ta hanyar "tambaya kawai na yi", kuma wanda aka yi wa hakan yana da haƙƙin ya kira abin da sunansa. Kalmar kaɗai ba ta nuna wa ke da gaskiya, dole mai karatu ya koma ga ainihin abin da aka furta.

Wa ke da alhakin ma'anar, mai faɗa ko mai ji?

Ra'ayi biyu ne suka daɗe suna karo a nan. Na farko yana cewa a kama mutum da abin da bakinsa ya furta kawai, don in aka buɗe ƙofar hukunta mutane da abin da aka fahimta to kowa na iya ƙirƙiro ma'ana ya liƙa wa abokin gabarsa, kuma mai kaza a aljihu dama ba ya jimirin as. Na biyu yana cewa ma'ana ba a cikin kalmomi kaɗai take ba, tana cikin lokaci da wuri da abin da masu sauraro suka riga suka sani, kuma wanda ya zaɓi lokacin da wurin da gangan ba zai fake da cewa bai furta ba. Masanin falsafar harshe Paul Grice, a laccocin da ya gabatar a jami'ar Harvard a 1967, ya yi bayanin yadda mutane ke isar da abin da ya fi kalmominsu yawa ta hanyar dogaro da cewa mai sauraro zai tambayi kansa, me ya kawo wannan maganar yanzu?

Wata shari'a a Landan ta nuna yadda kotu ke auna abin. Ranar 2 ga Nuwamba 2012 shirin Newsnight na BBC ya kawo rahoton zargin lalata da yara a wani gidan renon yara a arewacin Wales, ya ce akwai hannun wani jigo na jam'iyyar Conservative na zamanin Margaret Thatcher, amma bai kira suna ba. Kwana biyu bayan haka Sally Bercow, matar kakakin majalisar wakilan Birtaniya na lokacin, ta rubuta a Twitter tana tambaya wai me ya sa sunan Lord McAlpine, wani jigon jam'iyyar na zamanin Thatcher, ke tashe, ta ƙara da kalmomi biyu masu nufin "fuskar marar laifi". Daga baya ta tabbata McAlpine ba shi da hannu, kuskuren mutum aka yi, BBC ta ba shi haƙuri ta biya shi fam 185,000, shugabanta George Entwistle ma ya ajiye aiki. A kotu Bercow ta tsaya kan cewa tambaya ce kawai ta yi. A watan Mayun 2013 mai shari'a Tugendhat ya yanke cewa mai karatu mai hankali, wanda ya san labarin da ake ciki a makon, zai fahimci rubutun a matsayin nuna yatsa, kuma kalmomin nan biyu na ƙarshe su suka tona cewa tambayar ba ta neman sani ba ce. Ta ba da haƙuri ta biya diyya. Babu kalmar tuhuma ko ɗaya a abin da ta rubuta.

Malaman fiƙihu sun riga kotun Landan tattauna wannan da ƙarnoni, a ƙarƙashin abin da suke kira ta'arili, wato nuni a fakaice. Shi kansa nuni a fakaice ba haramun ba ne, aya ta 235 a suratul Baƙara ta halatta wa namiji ya nuna sha'awar aure a sakaye ga matar da ke takaba, abin da aka hana shi ne ƙulla maganar ƙarara kafin idda ta cika. Inda aka yi saɓani shi ne in an yi amfani da shi wajen ƙazafi. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Umar wasu mutum biyu sun yi cacar baki, ɗaya ya ce wa ɗayan wallahi shi dai ubansa ba mazinaci ba ne uwarsa ma ba mazinaciya ba ce. Umar ya yi shawara, wani ya ce ai yabon iyayensa kawai ya yi, wasu suka ce iyayen nasa na da abin yabo ban da wannan, me ya sa sai shi ya zaɓa a tsakiyar faɗa? Aka yi masa bulala 80. A kan haka mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, ta tafi cewa ta'arilin da aka fahimci ƙazafi daga gare shi yana jawo haddi. Abu Hanifa da Shafi'i ba su ga haddi a kansa ba, suna kafa hujja da cewa ana kawar da haddi in akwai shubuha, da kuma hadisin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, ba a yi masa haddi ba, sai aka ba shi misali da launin raƙumansa. In ka duba da kyau ra'ayoyin nan biyu na sama ne dai, ɗaya ya riƙe lafazi ɗaya ya riƙe abin da mahalli ya nuna.

Inda abin ke shafar talaka

A jihohin Arewa ɓata suna ba maganar diyya kaɗai ba ce, laifi ne a ƙarƙashin dokar final kod, sashe na 391 ya bayyana shi, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tara ko duka biyun, kuma bayanin laifin ya haɗa har da alamu da hotuna, ba furuci kaɗai ba. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama mutane da shi kan abin da suka rubuta a Facebook, wanda aka yi wa gyara a 2024 aka taƙaita shi bayan kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Masu kare 'yancin 'yan jarida na ganin irin waɗannan dokoki makami ne a hannun masu mulki, musamman da yake shaguɓe shi ne abin da ya rage wa marar ƙarfi in yana tsoron faɗin gaskiya ƙarara. Waɗanda aka taɓa shafa wa kashin kaji kuma na ganin in babu doka, duk mai waya zai iya rusa mutuncin da aka shekara ana ginawa da layi ɗaya ya ce wasa yake. Abin da ya tabbata dai shi ne "ban kira suna ba" da "tambaya kawai na yi" ba garkuwa ba ce mai ƙarfi kamar yadda mutane da yawa ke zato, in har waɗanda suka karanta sun gane wa ake nufi da abin da ake nufi.

A wurin aiki kuma kuskuren ya fi zuwa ta rashin sanin nauyin kalmar. Ma'aikaci zai so ya rubuta wa oga "kamar yadda ka nuna a taron jiya", sai ya ɗauko "as you insinuated" don tana da kama da babban Turanci, bai san ya ce wa ogan nasa mai gugar zana ba ne. Abin da yake nema shi ne "as you suggested" ko "as you mentioned". Haka in takardar tuhuma ta zo maka daga ofis tana cewa ka "insinuate" wani abu game da shugabanni, ba kalmominka kaɗai ake tuhuma ba, niyyarka ake tuhuma, don haka amsar da ta tsaya kan "ban faɗi haka ba" ba ta taɓo zargin ba. Sai ka kawo ainihin abin da ka furta, da wurin da ka furta shi, da waɗanda ke wurin, da maganar da ake kai kafin ka sa baki.